Buhu Biyu a Ƙofar Ngumbao

Duk ranar Juma'a da hantsi Nyevu takan zaunar da mijinta Ngumbao a kan turmi ta rine masa kai. Ba kwalliya ba ce. A ƙauyensu, can bayan Kilifi, tsoho mai furfura da gonar kwakwa yana cikin haɗari, don da zarar wani ya yi zazzaɓi a dangi sai ido ya koma kansa. Bara ma an sare tsoho Mwaringa da adda tsakar rana, wai maye ne, kuma kafin wata ya zagayo 'ya'yan ƙaninsa sun raba gonarsa. Tun daga lokacin masu kanti ba su gajiya da kawo baƙin rini.

To, wannan Juma'ar ta kwaɓa rinin a murfin gwangwani, tana jira, sai ga Ngumbao ya shigo da buhu biyu da sandarsa mai ƙugiya. Buhunan suna motsi. Ɗaya an ɗaure bakinsa da jan tsumma, ɗaya da igiyar kaba.

Shekara talatin mutumin nan ya yi yana aiki a gidan macizai na Watamu, inda Turawa ke zuwa kallo, yana tatsar dafi ana kai wa masu haɗa magani. Da ya ajiye aiki sai ya zama abin tausayi. Yakan zauna a gindin mangwaro ya ɗaga kai sama kamar mai jiran ruwa, alhali reshe yake dubawa ko wani abu zai motsa.

"Baban Dama, me ka kwaso mana kuma?"

"Baƙi ne. Mai jan tsumman hongo ne, koren macijin nan mai mugun dafi, daga itacen kashu na Tsuma ɗan wana na sauko da shi. In ya sari mutum da safe, da kyar ya ga la'asar. Ɗayan kuwa ɗan banza ne, tsaka da kwaɗo yake ci. Ɗaya zan riƙe." Ya nuna wani akwati da ya ɓoye mata a bayan akurkin kaji, ya sa masa gilashin tsohuwar taga, har da reshe a ciki. "Ki taya ni zaɓe."

"In taya ka zaɓen me? Addar da za a sare ka da ita?"

"Kai, matar nan! Wasu na kiwon kyanwa."

"Kyanwa ba ta sa a kewaye gidan mutum. Zauna in rufe maka wannan audugar ta kanka."

Bai zauna ba. Ya tsuguna a gaban buhunan yana ba ta labarin yadda hongo ke kwanciya a reshe kamar sabon ganye bayan ruwa, da yadda kansa yake dogo, na ɗayan kuma ɗan guntu da manyan idanu. Zuciyarsa na wajen hongon, kowa ya ji muryarsa ya sani. Nyevu ta ɗauki jarka ta tafi famfo, don in ta tsaya za ta faɗi abin da ba a faɗa wa miji.

A famfo ta tarar da Kache, matar da labari bai taɓa kwana a bakinta ba. Kache ta ja ta gefe, ta sassauta murya yadda duk layin zai ji.

"Maman Dama, ni ba na son shiga maganar mutane. Amma Tsuma na can wajen masu bammi yana tambaya, wai yaya aka yi tsoho ya iso gindin kashun tun kafin a gama kiransa? Wai maciji ya ga mutum ya sauko salin-alin ya shiga buhu, in ba ya san mai shi ba? Ga matar Tsuma kwana huɗu tana kwance ba ta tashi ba."

Tsuma ɗan wan Ngumbao ne, gonarsa na manne da tasu, kuma ya daɗe yana auna kwakwarsu da ido. Nyevu ta bar jarkar rabi ta koma gida.

Ta faɗa wa Ngumbao. Ya shafa buhu mai jan tsumma kamar mai sallama da aboki.

"Shi ke nan. Wannan gobe in kai shi Watamu. Ɗan banzan zan riƙe. Ko jariri ya yi wasa da shi."

"Kai ka san ɗan banza ne. Su kore kawai suke gani."

"Sai a nuna musu kan. Bambancin a fili yake."

"Wa zai tsaya duba kan maciji, Baban Dama? Sai kai da aka yi wa baki."

Ba su gama ba suka ji sallama. Tsuma ne, da maza uku daga wajen bammi, Kache na biye a nesa kamar hanya ce ta biyo da ita. Biyu na riƙe da adda. To, lokacin sharar gona ne, kowa na yawo da adda, amma Nyevu ta lura ba ƙasa a jikin ko ɗaya.

"Baba, sannu da hutawa," in ji Tsuma, idonsa a kan akwatin gilashi. "Ashe har ɗaki aka gina masa. Mu da muke ɗauka kashe shi za ka yi."

"Naka yana cikin wancan buhun, gobe zai bar garin. Wannan dabam ne, ba shi da dafi."

"Ba shi da dafi," Tsuma ya maimaita wa mutanensa, suka yi 'yar dariya. "Inna, ke ma haka ya ce miki?"

Nyevu ta dubi mijinta. Tushen gashinsa ya yi fari fat, mako guda ba rini, ga shi tsaye yana shirin yi wa masu adda karatun kan maciji. Ta san in suka fita ƙofar nan da abin da suka shigo da shi, an gama. Ita da ko tsutsa ba ta iya taɓawa, sai ta durƙusa, ta duba da kyau ba jan tsumma ba ne, ta kwance igiyar kaba ta zura hannu.

Abin ya yi sanyi, ya yi santsi. Ta zaro shi, siriri, kore shar, ya nannaɗe mata wuyan hannu. Da yake ta matse shi da yawa, ya juyo ya kafa mata haƙori a gindin babban yatsa.

Kache ta kurma ihu. Mazan suka ja da baya har ɗaya ya taka kaza.

"Ku tsaya ku gani!" in ji Nyevu. "Ba inda za ku. Ku zauna ku ga ko zan mutu."

Suka tsaya kuwa. Ngumbao ya karɓi macijin ya sa a akwati, ya wanke mata ɗigon jinin da sabulu. Ta hura wuta a gabansu, ta tuƙa tuwon masara, ta kankare kwakwa ta zuba a miyar ganye, duk da hannun nan. Rana ta karkata. Hannun bai ko kumbura ba. Ta ɗaga shi sama tana juyawa, zuciyarta ta fara sauka.

"Kun gani? Ɗan banza ne, kamar yadda ya faɗa."

Tsuma ya dubi hannun, ya dubi fuskarta, sannan ya ce a hankali, ba da ita yake ba:

"Hongo ya sare ta a gabanmu, ta tashi ta yi tuwo."

"Ba hongo ba ne, ɗan nan! Zo ka dubi kansa!" in ji Ngumbao.

Amma sun riga sun juya. Kache ce ta fara fita, da sauri, ko takalminta ɗaya ba ta tsaya ɗauka ba.

Nyevu ta zauna a kan turmin. Rinin ya bushe a murfin gwangwani, ya tsattsage. Da safe mutum ɗaya take rina wa kai a gidan nan, yanzu ko ta rina biyu ba abin da zai rufe.

"Kira Dama," ta ce. "Ka ce ta share mana ɗaki a Mombasa. Yau, ba gobe ba."

Kafin la'asar sun ɗaure kaya a kan babura biyu. Ba ta waiwayi kwakwar ba, ita da ta dasa rabinsu da goyo a baya. Ngumbao ya rataya buhu mai jan tsumma, za su biya ta Watamu. Ya buɗe akwatin gilashi zai saki ƙaramin a kan mangwaro.

"Me kake yi?"

"In bar shi ya koma gida."

"Gida? Ni ya fitar da ni daga nawa, shi ya zauna? Mayar da shi buhu. Ai ka zaɓa."