Ranar da Inna Abu Ta Hau Amalanke

"A hankali, Chindo. Ba buhun gero ka ɗauko ba."

Inna Abu ce ke faɗa, muryarta ƙasa-ƙasa. Chindo mai amalanke na riƙe da kafaɗunta, maƙwabciyarta Balki na riƙe da ƙafafu. Suka kwantar da ita bisa tabarma, aka tokare mata baya da matashi biyu. Wallahi da buhun geron ne da ya fi ta nauyi. Wata uku ke nan tana kwance. Likita a Maraɗi ya duba cikin, ya ce a mai da ita gida a riƙa ba ta abin da ranta ke so. Kowa a unguwar ya san fassarar wannan magana, ita ma ta sani.

"Inna, don girman Allah ki haƙura," in ji Balki. "Dubi rana. In wani abu ya same ki a hanya, mi zan ce wa ɗiyanki?"

"Ki ce musu na tafi buro. Ina angon nawa?"

Angon shi ne Muhammad Awwal, ɗan farin Balki, mai shekara goma sha huɗu. Inna Abu ungozoma ce, ita ta yanke masa cibiya, tun ranar take kiransa angonta, shi kuma yana cewa ba ya auren mai haƙori uku. Yau babu wasa a fuskarsa. Yana can jikin katanga ya harɗe hannuwa.

"Zo ka riƙe mini lema, kar rana ta ƙarasa maka amarya."

Ya zo yana jan ƙafa. Jaki ya ɗaga, Balki ta biyo su a baya, zuciyarta cike da tsoro da jin kunyar abin da ita ta jawo.

Ga yadda aka yi. Wata ƙungiya ce ta kawo shiri Gazawa: a haɗa kowane yaro da wani babba mai sana'a da natsuwa, wanda suke kira jagora, ya riƙa bin karatunsa na lakol, ya zauna da shi sau uku a mako, ya koya masa aikin hannu. Yara talatin kacal za a ɗauka. Awwal ya kwana biyu da barin lakol, yana bin su Sabo masu ɗauko isansi, wato fetur, a babur daga Najeriya ta cikin daji, bido shida, manyan jarkoki, a bayan mutum ɗaya. A kan wannan hanyar ubansa Yahaya ya ƙone, shekara uku da suka wuce. Da yaron ya ji an ce Sha'ibu mai haɗa wutar sola na cikin jagorori, da ƙafarsa ya je ya ba da sunansa. Aka ce sai uwa ta zo ta ce ta yarda.

Balki ta je buro, wato ofishin ƙungiyar, ran Litinin. To, ita 'yar gidan da kakanninsu suka sauko daga arewa da dabbobi ce, kunyar ɗan fari a wurinsu ba abin wasa ba ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa gaban mutane ba. Ma'aikacin buro, wani saurayi mai suna Hamza, ya ɗaga bik ɗin rubutu ya ce, "Sunan yaron?" Ta sunkuyar da kai. "Ɗanki ne?" Ta ce, "Yana dai gidanmu." "Yaya halinsa?" Ta ce, "Ba ya jin magana." "Kina so ya shiga?" Ta ce, "Shi ya sani." Bawan Allah ya rubuta cewa uwa ba ta yarda ba, ya soke sunan. Awwal na tsaye a wurin, komai a kunnensa. Da yamma ya aika wa Sabo cewa ran Juma'a da shi za a tafi.

Kwana biyu Balki na kuka a madafa, tana cewa hayaƙi ne. Inna Abu ta ji ta ta kan katanga, ta sa aka kira ta, ta tatse labarin tas. Yau Alhamis, da la'asar takardun za su wuce Maraɗi.

Buron ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba. Hamza ya fito ya ga tsohuwa kwance a amalanke, ya yi turus.

"Inna, likita can gaba take."

"Na san hanyar likita, ta gama da ni. Wurinka na zo. Matso, ba ni da murya."

Ya matso ya durƙusa. Yaro ne mai ladabi, a ba shi wannan.

"Kai ɗan ina ne?"

"Maraɗi, Inna."

"Na nawa ne a ɗakinku?"

"Ni ne auta."

"Shi ya sa. Auta ɗan lele, da sunanka ake tashe ka. Babban wanku fa, ka taɓa jin sunansa a bakin uwarka?"

Hamza ya sosa ƙeya. "Wai 'wancan' take ce masa."

"To ka gani. Labarin zuciya a tambayi fuska, kai kuwa ka tsaya tambayar baki." Tari ya sarƙe ta, Balki ta tallabe ta ta ba ta ruwa. Ta kurɓa, ta ture kofin. "Buɗe kayenka ka rubuta. Sunansa Muhammad Awwal Yahaya. Ran wata Talata aka haife shi, ana yankan gero, ya zo da cibiya a wuya, ni na warware. Ba ya sata, ba ya zagin manya. Tun da na kwanta, randata ba ta taɓa bushewa ba, shi ke cika ta kafin gari ya waye sosai, yana tsammanin ban sani ba. Taurin kai ne da shi kamar jakin Chindo, wannan kuma aikin jagoran ne."

Hamza na rubutu da sauri. Da ya gama ya ɗago, yana jin nauyin abin da zai faɗa. "Inna, na fahimta, wallahi kuskurena ne. Amma doka ce, sai uwa ta ce ta yarda da bakinta, ta dangwala. Ko a fitar da yaron can nesa, in ya so ta faɗa."

Balki ta ji sanyi a ranta, ta ce ga mafita. Awwal har ya fara miƙa wa Chindo lemar zai tafi.

"Ba inda za shi," in ji Inna Abu. "Ran Litinin a gabansa aka ɓata, a gabansa za a gyara." Ta lalubo hannun Balki. Tafinta zafi rau, ba nama ko kaɗan. "Balki, kunya ado ce, ni ma na yi ta, har yau ban kira sunan nawa ba. Amma kin wanke wa Yahaya kayan da suka rage. Kina son ki wanke na wanga yaro?"

Balki ta ja mayafi ta rufe fuska ruf. Mutane sun fara taruwa, masu kabu-kabu biyu sun kashe babura suna kallo. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ji kuma hannun nan yana matsa nata da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Na yarda," ta ce daga cikin mayafin. Ta ci gaba, ita kanta ba ta san daga ina maganar ke fitowa ba. "Ina so ya shiga. Ba na son ya hau babur ɗin nan. In na ji ƙarar babur da yamma, tuwo ba ya wuce mini. Shi ke gare ni."

Lemar da ke hannun Awwal ta karkace, rana ta sauka a fuskar tsohuwar.

"Ango, ka gasa ni."

Ya gyara riƙon, ya kau da kai yana goge ido da kafaɗa. Hamza ya kawo tawada, Balki ta dangwala babban yatsa inda aka nuna mata.

A hanyar komawa Inna Abu ba ta ƙara magana ba, idanunta a rufe, sai numfashi sama-sama. Da aka kwantar da ita a ɗaki ta ce a dama mata fura mai tsami. Ta sha ludayi biyu, rabonta da haka mako guda.

Washegari Juma'a da hantsi Balki na zaune tana yi mata fifita, babbar ɗiyar Inna na gefe tana murza mata ƙafa. Inna ta buɗe ido.

"Sabo ya wuce?"

"Tun da sassafe, Inna."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"Madalla." Ta motsa leɓe da kalmar shahada, suka taya ta. Kafin a kira sallar Juma'a ta cika.

Gazawa ta fito. Rabin waɗanda suka yi mata salla hannunta ne ya fara taɓa su a duniya, wasu da furfura a gemu. Hamza ma ya zo, ya zauna can ƙarshen tabarma. Awwal ya je maƙabarta tun kafin a ce masa, ya dawo da jar ƙasa har gwiwa, bai ci komai ba ranar. Balki ta yi kuka a fili, ba ta ce hayaƙi ba ne. Uwarta ta haife ta, amma ba ta san wanda ya taɓa tsaya mata kamar matar nan ba.

Ran sadakar uku Sha'ibu ya zo ta'aziyya, dogo, mai magana a hankali. Bayan addu'a ya aika a gaya wa Balki cewa ba gaggawa, yaro ya zauna har a yi bakwai. Awwal ya ce a'a, yau zai fara.

Akwai aiki a wani gida bayan tasha, za a ɗora faifan sola bisa rufi. Suka fita da tsani, Sha'ibu ya ɗauki gaba a kafaɗa, Awwal ya ɗauki baya. Balki ta fito da tire za ta kai wa baƙi gumba, sai ta tsaya a bakin zaure. Tsanin na karkata, yaron ya fi jagoran gajarta. Sha'ibu ya waiwaya ya faɗi wani abu, ya sauke nasa gefen zuwa hannu, ya rage sauri.

"Balki, mata na jira," wata ta kira daga cikin gida.

"Ina zuwa," ta ce. Tana nan tsaye da tiren har suka sha kwana.