Yadda Sajo Ya Ji Husufin Rana

Shekara shida ke nan da idanun Sajo suka mutu. A hankali abin ya zo, har ya kai ko rana ba ya gani, sai dai ya ji zafinta a goshi. A rugarsu da ke gabas da Ɗanzomo ba shi da aiki sai zama a gindin aduwa yana tufkar igiya. A shekarar 1973 ruwan sama ya yi jinkiri, ɗansa Ya'u ya kora ragowar shanu ya yi kudu, aka bar tsohon da surukarsa Fadimatu da 'yan awaki.

Ana cikin haka jikarsa Asama'u ta zo hutu daga makarantar horon malamai da take yi a Kano. Kwana biyu da zuwanta, ranar Alhamis, ta bi motar 'yan kasuwa zuwa Maigatari. Da la'asar ta dawo, Sajo ya ji ta zazzage wasu ƙananan abubuwa a kan faifai.

"Amarya, tsarabar tawa ke nan? Ban ji ƙamshin ƙuli-ƙuli ba."

"Wannan ta fi ƙuli-ƙuli, Kaka. Miƙo hannunka."

Ta ɗora masa wani abu a tafi. Ya murza shi da yatsu. Bai fi ƙwayar wake ba, ga santsi, ga ƙafafu uku sirara kamar na sauro.

"Wane irin ƙwaro ne wannan?"

Ta yi dariya, ta ce sunansa taransista, daga cikin matacciyar rediyo aka ciro shi. Ilu mai gyaran rediyo ne ya bar ta ta tona kwandon tarkacensa. Malaminsu na kimiyya ya nuna musu cewa jikin abin gilashi ne, masu ƙera shi suka shafe shi da baƙin fenti don kada haske ya dame shi.

"Mu kuwa damun nasa muke so," in ji ta. "In na kankare fentin, na haɗa shi da sauran kayan nan, zai yi kuka duk lokacin da haske ya taɓa shi."

Sajo ya ajiye igiyarsa. "Haske yana da murya ne?"

"Ba shi da ita. Aro za mu ba shi."

Kwana uku suna fama. Ba ta da irin ƙarfen da masu gyara ke narka dalma da shi, sai ta soke ƙusa a jikin guntun itace, tana gasa ta a garwashin murhun uwarta. Fadimatu ta yi ta mita, wai an hana ta ɗora tukunya saboda wasan yara. Haɗin farko bai ce uffan ba. Na biyu ma haka, sai ƙaurin da Sajo ya shaƙa.

"Kin ƙone shi," ya ce.

"Na ƙone shi," ta amsa da sanyin murya. "Saura guda ɗaya ke nan."

Ya sa ta bayyana masa abin da ke faruwa. Ta ce wayoyin ne ke zamewa kafin dalmar ta kama, sai ta daɗe da ƙusa a wurin, zafi ya kashe abin. Sajo ya ce ta ba shi wayoyin. Mutumin da ya shekara sittin yana tufkar dabaibayi, murɗa zare biyu ba zai gagare shi ba. Ya murɗe su tsaf, ita kuma ta ɗan taɓa da dalma ta ɗauke. Ta jera komai a cikin gwangwanin madara, ta huda gindinsa, ta sa batir, sannan ta cusa masa wani ɗan abu mai igiya a kunne.

Da farko gurnani ya ji, ƙasa-ƙasa. Ta ɗauke tafinta daga kan hudar, sai kukan ya tsinke sama, siriri kamar sarewar kara. Sajo ya zabura har hularsa ta faɗi.

"Sake rufewa!"

Ta rufe, kukan ya sauka. Ta buɗe, ya hau.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "To, miƙo mini shi nan."

Daga ranar igiya ta huta. Sajo ya riƙa yawo a tsakar gida, sanda a dama, gwangwani a hagu. Ya gano bakin bukkarsa daga ciki ba tare da lalube ba, domin nan ne kukan ke hawa. Ya nuna gwangwanin saman aduwa, ya ji muryar tana rawa, Asama'u ta ce ganye ne iska ke kaɗawa, rana na leƙowa ta tsakaninsu. Ya daɗe tsaye a wurin. Ya manta cewa inuwa ma tana motsi. Da aka koro awaki ya tsuguna yana nuna su ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan fara ce. Wannan baƙa. Wannan kuwa ta rikita ni, kukanta hawa da sauka."

"Mai roɗi-roɗi ce, Baffa," in ji Fadimatu, ta kasa riƙe dariya. Tun daga nan ba ta sake mitar garwashi ba.

Asama'u ta riga ta gaya musu cewa ranar Asabar mai zuwa za a yi husufin rana. Malaminsu ya faɗa, ta kuma ji ana sanarwa a rediyon Ilu, ana gargaɗin kada kowa ya kalli rana kai tsaye. Sajo bai musa ba, bai kuma gaskata ba. Ya taɓa ganin husufi yana saurayi, amma bai taɓa jin an sa masa rana kamar ɗaurin aure ba.

Ranar Asabar da hantsi ya fito ya zauna. Da ya nuna gwangwanin sama, kukan ya yi tsini ya tsaya wuri guda, don hasken ya fi ƙarfinsa. Sai Asama'u ta shimfiɗa farin mayafi a ƙasa, ta ce ya nuna shi nan. Suka yi ta jira. Rana ta take, sararin sama fes, babu ko ɗigon gajimare. Fadimatu ta gaji ta koma ga dakanta.

Can Sajo ya karkata kai.

"Amarya, batirin nan ya fara sanyi."

"Da safen nan na sa sabo, Kaka."

"To, muryar ta sauka."

Ta duba tsakar gida, ta ce ita ba ta ga wani canji ba. Ta karɓi abin kunnen ta saurara, ta ce kamar dai yadda yake. Ya karɓe kayansa.

"Ke idanunki sun cika miki kunne. Na ce ta sauka, kuma tana kan sauka."

Sai da aka ɗauki lokaci sannan ta yi salati. Ta ce hasken ya koma wani iri, kamar an surka shi da toka. Ta ruga gindin aduwa ta dawo tana haki, ta ce ɗigo-ɗigon hasken da ke ƙasa duk sun zama kamar jinjirin wata, ɗaruruwa. Taɓaryar Fadimatu ta tsaya. Daga cikin gari aka fara jiyo yara na kaɗa gwangwanaye, ana kiran mutane salla. Sajo ya ji zafin da ke goshinsa ya janye, wata iska mai sanyi ta ratsa rigarsa, tsuntsaye sun yi tsit. Kukan da ke kunnensa kuwa ya yi ta gangarowa, daga sarewa ya koma kamar kukan maraƙi daga nesa. Yana ta istigfari, amma ya kasa cire abin daga kunne, so yake ya ji inda zai tsaya.

Bai mutu gaba ɗaya ba. Ya tsaya can ƙasa na ɗan lokaci, sannan ya ɗago kaɗan.

"Ta juyo," ya ce. "Fadimatu, kwantar da hankalinki, ta juyo."

Da yamma ya sa Asama'u ta kwatanta masa da faifai da murfin ƙwarya yadda wata ke gittawa ta gaban rana. Ya shafa, ya sake shafawa. Sannan ya tambaye ta ko farin wata ma zai sa gwangwanin kuka. Ta ce ba ta sani ba, ba wanda ya taɓa gwadawa a ajinsu, kuma kafin wata ya cika ta koma makaranta. Sai ta koya masa canjin batir da lalube, gefen mai ɗan ƙulu ya kalli sama.

Bayan mako huɗu wasiƙa ta same ta a Kano, da rubutun malamin firamaren Ɗanzomo. An yi ruwa sau biyu, an yi shuka, kowa lafiya. A ƙasa kuma ga saƙon kakanta: farin wata yana kuka, amma ƙasa-ƙasa ƙwarai, sai an riƙe numfashi ake jin sa. Taurari kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, Fadimatu na saita masa hannu, ko guda bai tanka ba. Ta tambayo masa malaminsu, laifin gwangwanin ne ko nisa ne ya yi yawa.