Tsofaffin Hotuna

Auta tana tsaye a ɗakin manyan kwamfutocin ofishinsu, sanyin na'ura yana dukan ƙeyarta, sai wayarta ta yi ƙara. Baba ne. Shi kuwa Baba ba ya kiran mutum da tsakar rana don a gaisa. In ya kira, to wani abu ya taɓa, abin kuma ya fi ƙarfinsa.

"Auta, kwamfutar nan ta Ummanku ta cika taurin kai," in ji shi. "Tun safe take fito da rubutu wai wuri ya kusa cika. Na rage mata kaya, amma ko gezau."

"Wane kaya ka rage, Baba?"

"Tarkace ne. Wata jaka na gani an rubuta mata tsofaffin hotuna, ita kaɗai ta cinye fiye da rabin wurin. Na ce ai hotunanmu duk an wanke su suna cikin albam. Na goge, na kuma zubar da kwandon sharar yadda kika koya mini. Yanzu bari in kashe ta in kunna, za ta dawo hayyacinta."

"Baba, kada ka taɓa ta!"

Ihun da ta yi har mai gadi sai da ya leƙo. Ta zauna a ƙasa, tsakanin wayoyi.

Babu hoto ko ɗaya a cikin jakar nan. Muryar Umma ce a ciki.

Shekara huɗu da suka wuce ciwo ya kama Umma a maƙogwaro, likitoci suka ce sai an cire akwatin muryar gaba ɗaya. Kafin a yi aikin ta shafe mako shida tana zama gaban makirfo tana karanta jimloli, dubu da wani abu, har wani ƙaramin kamfani ya haɗa mata manhajar da in ta rubuta magana, za ta faɗe ta da muryarta ta ainihi. Kamfanin ya daɗe da rufewa. Manhajar kuma ba ta aiki sai a kan wani tsohon tsari da sababbin kwamfutoci suka daina karɓa. Auta, da yake sana'arta ce, ta sa tsarin kwamfuta na Linux a wata tsohuwar laftof, sannan a cikinta ta gina wata kwamfutar marar gangar jiki, wadda take zaune cikin taga ɗaya a allo tana ɗaukar kanta cikakkiyar na'ura. 'Yan sana'ar suna kiran ta baƙuwa, ta wajen kuma mai masauki. Duk rayuwar baƙuwar tana cikin manyan fayiloli uku, waɗanda su a aikinsu hoto suke ce musu, don kowanne hoton faifai ne sukutum. Auta ce da hannunta ta fassara sunan jakar, wai don kada baƙon suna ya riƙa tsorata iyayenta. Kwafi kuwa, kullum gobe za ta yi. Mai yi wa kamfani guda ajiya sau biyu a rana, ta bar muryar uwarta a wuri ɗaya tak.

"Baba," ta ce, tana ƙoƙarin saita numfashi, "Umma tana iya magana yanzu?"

Ta ji ƙarar madannai daga nesa, a hankali, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sai muryar ta fito, da 'yar dishewar nan da aka san ta da ita.

"Ina jin ki, Auta. Me Malam ya ɓata kuma?"

Auta ta rufe bakinta da hannu. Akwai sauran numfashi ke nan. A Linux, in aka goge fayil alhali wata manhaja tana riƙe da shi a buɗe, sunan kawai ake cirewa, kayan suna nan har sai mai riƙon ya saki. Shi ya sa wurin bai ƙaru ba. Amma da zarar baƙuwar ta mutu, ko na ƙiftawar ido, shi ke nan, an share. Ita kuwa laftof ɗin batirinta ya mutu tun bara, da wutar bango kawai take rayuwa, ta wani soket mai sako-sako da ko labule ya goge shi sai ya tsinke.

"Baba, ka je bayan tebur ka danne filogin da hannunka. Kada ka saki har in zo. Ko gobara ake yi kada ka saki."

Da ya sake magana, fara'ar ta fita daga muryarsa.

"Auta, me na goge?"

"Ina zuwa, Baba."

Ta fizgi faifan ajiya guda daga aljihun tebur, ta ce wa ogansu gida ba lafiya, ba ta tsaya jin amsa ba. A tasi, kowace fitilar kan titi sai da ta tare su da ja. Direban yana ta ba ta labarin wani fasinja da ya manta takalmi ƙafa ɗaya, ita kuwa idonta yana kan shagunan gefen hanya, tana duba ko ƙwayayen wutarsu suna ci. Wani mai aski ya kashe fankarsa daidai lokacin da suke wucewa, ta ɗauka wuta aka ɗauke.

Ta same su kamar yadda ta zata, har ma ya fi. Baba, mutumin da gwiwa ta hana shi tsugunno shekara da shekaru, yana durƙushe tsakanin tebur da bango, hularsa ta faɗi, babban yatsansa ya yi fari a kan filogi. Umma tana kan kujerarta, ɗan ƙyallen da ke rufe ramin wuyanta yana ɗagawa yana sauka. Ba wanda ya yi mata sannu da zuwa.

Ta ja kujera, ta buɗe baƙar tagar da ake ba Linux umarni. Sai da ta rubuta kalmar sirri sau uku kafin ta yi daidai. Akwai wani lungu a tsarin inda ake jera duk abin da ke aiki da duk fayilolin da yake riƙe da su. Ta nemo lambar baƙuwar, ta leƙa. Ga su nan su uku, kowanne da tambarin an goge a gefensa, amma da cikakken nauyinsu.

"Suna nan," ta ce. "Zan iya kwashe su ta nan. Amma Umma, sai na tsayar da ita cak, don kada ta riƙa rubutu ina kwafa. Ba za ki iya magana ba har in gama."

Umma ta jawo madannan gabanta.

"In kin gama za ta dawo?"

Auta ta so ta yi ƙarya. Amma ba a taɓa yi wa Umma ƙarya an kwana lafiya ba.

"Ban sani ba, Umma."

Umma ta daɗe tana kallon allon. Auta ta ɗauka wasiyya za ta yi, ko addu'a mai tsawo. Yatsan Umma ya sauka.

"Malam, ka sauya hannu. Wancan ya gaji."

Baba ya sauya, a hankali, sabon yatsa yana hawa kafin tsohon ya sauka. Sannan Umma ta rubuta kalma ɗaya, ta danna.

"Auta."

"Na'am, Umma."

Ta sake dannawa. "Auta." Ba kira take yi ba, saurare take yi. Sau uku ta danna, ta karkata kai tana ji, sannan ta ture madannan ta naɗe hannu.

Auta ta tsayar da baƙuwar, ta jona faifan ajiya, ta fara da fayil mafi girma. Lambobi suka fara hawa. Ɗakin ya yi tsit, sai fankar laftof da numfashin Baba. Fayil na farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka, kusan awa guda ke nan. Baba ya sauya hannu sau biyar. Wata maƙwabciya ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofa har ta gaji ta tafi.

Na uku yana kashi tamanin da ɗaya sai aka ji wani ƙas, ƙas daga cikin laftof ɗin. Lambar ta tsaya. Rubutu ya fito cewa an kasa karanta faifai.

Ta san wannan ƙarar, ta sha jin ta a wurin aiki, kuma ba ta taɓa jin ta a faifan da ya yi tsawon rai bayan nan ba. Tsohon faifan mai masaukin ne yake cin kansa.

"Mene ne?" in ji Baba daga ƙasa. "Ni ne? Ban motsa ba, wallahi ban motsa ba."

"Ba kai ba ne, Baba."

Ta sake kwafa da wata manhaja mai haƙuri, wadda in ta iske wuri ya lalace sai ta tsallake, ta kwashe sauran, sannan ta dawo ta yi ta lallaɓa shi. Ta kwashe komai, sai ɗan guntu ɗaya. Sau uku ta koma masa, sau uku faifan ya amsa da ƙas, ƙas, kowanne ya fi na baya ƙarfi. Guntun bai kai nauyin hoton waya ɗaya ba. Zai iya zama wurin da babu komai. Zai kuma iya zama abin da baƙuwar take tashi da shi.

Ba yadda za ta sani sai ta tayar da kwafin, laftof ɗin kuwa ba ta da ƙarfin ɗaukar baƙi biyu. Sai an kashe baƙuwar farko, kuma kashe ta shi ne sakin fayilolin har abada. Ta yi tunanin komawa ofis ta ɗauko tata kwamfutar, ta dubi Baba da gajiya ta gama cin hannunsa, ta ji faifan ya sake yin ƙara shi kaɗai ba tare da an taɓa shi ba. Abin da zai bayar ya riga ya bayar.

Ta rubuta umarnin kashewa. Ta ɗora yatsa a kan maɓallin. Ta kasa dannawa. Tsoro ne tsagwaronsa, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da aka shiga da Umma ɗakin tiyata, don ranar ba hannunta ba ne a kan wuƙar.

Sai ta ji tafin Umma a bayan hannunta, da ɗuminsa. Umma ba ta dube ta ba. Ta danna yatsan 'yarta ƙasa.

Tagar baƙuwar ta ɓace. Nan take gargaɗin da ya dami Baba tun safe shi ma ya ɓace, wuri ya samu fiye da rabi. Garin neman gira an kusa rasa ido, in ma ba a rasa ba.

Auta ta gyara adireshi, ta nuna wa mai masauki inda sababbin fayilolin suke, ta ba da umarnin tashi. Taga ta buɗe baƙa ƙirin. Ta ƙirga goma a zuci, ta ƙirga ashirin. Sai wasu fararen rubutu suka fito, baƙuwar tana ƙorafin ba a kashe ta da ladabi ba, za ta duba faifanta. Ta duba, ta duba, ta ce ta iske ɓarna a fayil ɗaya ta ware shi gefe. Sannan allon ya yi shuɗi, manhajar muryar ta buɗe da kanta.

Umma ta jawo madannai.

"Ana ji na?"

Baba ya fashe da kuka a bayan tebur, kuka mai sauti irin na wanda bai saba ba, goshinsa a jikin bango, yatsansa har yanzu a kan filogi. Auta ta kifa kai a kan tebur.

Umma kuwa ba ta gama ba. A ƙasan allon akwai jerin maɓallai, kowanne da maganar da aka ɗauka sukutum yadda ta fito daga bakinta, ba haɗin manhaja ba. Ta fara bin su ɗaya bayan ɗaya. Gaisuwar safe ta fito. Sannu da aiki ta fito. Allah ya yi albarka ta fito. Ta kai na ƙarshe, wani mai ruwan ɗorawa da ba a rubuta masa komai ba, ta danna.

Shiru.

Ta sake dannawa. Sifikar ta yi ɗan huci, ta yi shiru.

Auta ta ɗago, ta ga wanne ne. Dariyar Umma ce. Ranar ƙarshe ta ɗaukar murya Baba ya shigo da sanɗa don kada ya dame su, ya yi tuntuɓe da wayar makirfo ya zube da kofi a hannu, Umma ta tuntsire da dariya har da hawaye, mai ɗaukar kuma ya ƙi gogewa. Daƙiƙa tara ce. Manhajar tana iya haɗa kowace kalma a duniya daga gutsattsarin muryarta, amma ba ta iya haɗa wannan.

Daga inda yake durƙushe Baba ba ya ganin allon. Ya share fuska da kafaɗarsa.

"Duk sun dawo? Auta, ki gaya mini gaskiya, ba abin da ya ɓata?"

Auta ta buɗe baki. Umma ta dube ta, ta girgiza kai kaɗan, sau ɗaya. Sannan ta juya ga madannan ta rubuta a natse, ba ta yi kuskuren harafi ko ɗaya ba.

"Duk sun dawo, Malam," in ji muryar. "Ba abin da ya ɓata."

Auta ta tashi da sauri ta ce za ta nemo abin da za a ɗaure filogin da shi, ta shiga kicin ta rufo ƙofa.