Kuskure Na Uku

A duk Rimawa babu mai son zama kusa da Saja Tambari a gidan kallon Mode. Tsohon soja ne, shekara ashirin da biyu cikin kaki, ya dawo gida yana noman albasa da ruwan dam ɗin Goronyo. Mutumin kirki ne, wallahi, amma da an sa fim ɗin yaƙi a gabansa, to kallo ya ƙare.

"Ku tsaya!" zai ce. "Harbi sittin da huɗu na ƙirga, bai sake harsashi ba. Bindiga ta ko rijiya?"

Ko kuma: "An sace shugaban ƙasa, mutum guda anka tura ya ceto shi? Sauran bataliya sun tai biki?"

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne jarumi ya rungumo abokinsa mai rauni da hannu biyu kamar jinjiri, yana gudu, wai kuma yana harbi. Da wane hannun? Nan Saja kan miƙe tsaye. Ya taɓa saɓa abokinsa Ephraim a kafaɗa, tafiyar rabin yini cikin dajin wata ƙasa, saboda haka ya san nauyin mutum.

Bakin nan nasa ne ya raba shi da ɗansa Jelani. Shekara biyu da suka wuce Jelani ya haɗa ɗan fim da wayarsa, ya nuna a gidan Mode. Uban ya tashi gaban jama'a ya lissafa kurakurai goma sha ɗaya, aka yi ta ƙyalƙyala dariya. Jelani ya tattara ya koma Sakkwato. Tun daga ranar in ya bugo waya uwarsa Uwaliya yake nema, uban kuwa daga gaisuwa sai sallama. Abin yana cin Saja ƙwarai, girman kai ne kawai ya hana shi faɗa.

Sai ga Jelani ya dawo da rani, da kyamara ta gaske da 'yan wasa goma. Labarin fim ɗin, wasu masu juyin mulki ne suka ɓoye wani minista kusa da dam, wani kyaftin ya bi ta busasshiyar magudanar ruwa da yaransa don ya ƙwato shi. Lawwali, abokin Jelani, shi ne kyaftin.

Ranar Alhamis da hantsi Saja ya ɗauki hularsa. Uwaliya ta tare shi a ƙofa.

"Malam, ka tai ka gani, amma don Allah ka bar bakinka gida. Ɗa guda gare mu."

"Mi kika ɗauke ni? Kallo kawai za ni."

Kallo kawai! Ko gama sallama bai yi ba idonsa ya tsinto kurakurai uku. Lawwali ya liƙa igiyar saja a hannu, ga kuma taurarin kyaftin a kafaɗa. Sojojin sun cure wuri guda kamar awaki a inuwa. Na ukun kuwa, dukansu kwance suke a ƙasan magudanar siminti, Jelani na tsakiyarsu da kyamara, alhali yau Alhamis. Duk manomin yankin ya san ranar ce ake buɗe musu ƙofar ruwa da ƙarfe goma. Albasar Saja ma shi take jira. Jelani ran Litinin ya zo duba wurin, ya same shi a bushe ƙayau, zaman birni kuma ya mantar da shi ranar ruwa.

Mai hankali da na ukun zai fara. Amma Saja mutumin fareti ne, komai bi da bi.

"Jelani, kurakurai ukku na gani. Na ɗaya, wanga kyaftin naka..."

"Baba, don Allah."

"Na biyu, gurneti guda ya ishe su duka. Na..."

"Baba!" Jelani ya ɗago, idonsa jajir. "Ka kunyata ni sau guda, ya isa haka nan. Ka koma gonarka."

Saja ya ji maganar har cikin ƙashinsa, ya juya ya kama hanya, zuciya ta mantar da shi komai. Bai yi taku ashirin ba ya hango kara da kumfa suna gangarowa a ƙasan magudanar.

Muryar da ya ajiye tun barin bariki ita ta fito. "Kowa waje! Ruwa! Maza!"

'Yan wasa suka watsar da bindigogin katako suka rarrafo sama. Jelani ya tsaya ciro kyamara daga ƙafafunta, ya taka gangaren siminti da ya riga ya jiƙe, santsi ya kwashe shi, ƙafa ta gurɗe. Ya miƙe a ƙafa ɗaya, ya ɗaga kyamara sama da kai, ruwa na dukan gwiwarsa yana ƙaruwa.

Saja bai yi shawara da shekarunsa sittin da uku ba, ya sulale ciki. Ya duƙa, ya ja hannun Jelani ta bayan wuyansa, ya sa kafaɗa a cikinsa, ya maƙale cinya da hannun dama, ya miƙe da shi.

"Riƙe kyamararka, ni na riƙe ka."

Bai gwada gangaren ba. Ya bi gefe da ruwan a hankali har matakalar ƙarfe da manoma ke sauka wanke ƙafa, ya kama ta da hannun hagu da ya bari a sake, Lawwali ya jawo su.

Suka zube a bakin magudana suna haki. Can Jelani ya ce, "Baba, mi ne na ukkun?"

Saja ya dubi ruwan da ke wucewa zuwa gonaki. "Shi ne wanga. Da shi ya kamata in fara. Wannan kuskuren nawa ne, ba naka ba."

Mutanen Rimawa da suka taru suka dubi juna. Ba su taɓa jin Saja ya lissafa nasa ba.

Ashe Sale, mai kula da kayan wasa, ya ɗauki komai da wayarsa. Jelani ya karɓa ya kalla sau biyu. Sannan ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Haka aka ɗaukar mai rauni?"

"Haka na ɗauko Ephraim. Hannu guda a sake, kullum."

Jelani ya share fuska da bayan hannu. Ya ƙwala wa Lawwali kira, ya ce a kawo wa Baba kujerar darakta.

"Zamna nan, Baba," ya ce. "Faro min daga na ɗaya. Ina saurare."