Jan Layi a Gefen Katuna

Shugaban sashen kwamfuta ya ce ranar Litinin za a kwashe sito a zuba sababbin injina. Abin da ma'adanar tarihin jami'a ta karɓa ya tsira, saura kuwa sai bola. Ita kuma ma'adana ba ta karɓar abin da ba shi da kai ba shi da gindi.

Ma'aikaciyar da ma'adana ta turo ta tsaya a gaban wani buhu. Cike yake da katuna masu huji, irin waɗanda ake zura wa kwamfuta a da, kowane kati umarni ɗaya. Aikin farko ke nan da ɗaliban sashen suka rubuta, amma kwalinsa ya ɓarke tun tuni, aka tattara aka cusa. In ba a jere suke ba, takardar banza ce.

Ta yi ta rarraba su launi-launi har bayanta ya ƙage. Da ta rasa gaba, sai ta ɗauko gwaggonta, wadda ta yi karatu a sashen zamanin katunan.

Gwaggo ta kwashe da dariya. "Launi-launi? Ke kanti za ki buɗe? Ai duk wanda ya zo hannu shi muke bugawa."

"Gwaggo, dariya na kawo ki yi?"

"Miƙo ɗaya, sarkin zuciya. Dubi bakinsa."

A kaifin katin akwai ɗigon ja, ƙanƙane kamar cizon sauro.

"In mun gama jeri, sai mu ja layi a karkace a gefensu duka. Ko sun zube, layin zai mayar da kowa gidansa."

Tun daga nan ma'aikaciyar ta zauna daɓas a siminti, tana bin ɗigo bayan ɗigo. Idanunta suka yi jawur, gefen kati ya yayyanka mata yatsu. Ba ta ɗaga ba.

Ranar Litinin shugaba ya iso da leburori. Layin bai wuce rabi ba.

"Malama, lokaci ya yi."

"Ranka ya daɗe, ku ɗebi kabad, ku ɗebi kujeru. Wannan kusurwar kuwa, sai dai a ɗauke ni tare da ita."

Ya sunkuya ya daɗe yana kallon jan layin da ke gangarowa.

"Har yaushe?"

"Har ya taɓa wancan gefen."

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa, ya ce wa leburori su fara daga bakin ƙofa, kuma kada wanda ya kuskura ya kunna fanka.

Ta sake zura hannu cikin buhu.