Garin da Ba Ya Shiga Lissafi

Ni ne Ɗanmaliki, kuma duk wanda ya san kokawa tsakanin Ƙaraye da Rogo ya san bayana bai taɓa shan ƙasa ba. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma na ga abin da masu karatu ba su gani ba. Kwalara ta shiga garinmu ta ɗebi na ɗiba, ta bar ni. Yunwar shekarar fari ta zo ta wuce, ina nan. Daga baya ruwan dam ya shanye garin namu ɗungurungum, Kwarin Laure, da kukarsa da filin kokawarsa, muka watse, wasu Ƙaraye, wasu Rogo, wasu har Zariya. Nan ma ina nan.

Maganar ta taso ne a majalisarmu ta gindin dalbejiya, bayan la'asar. Malam Bahauddeen, malamin firamare, yana duba wayarsa sai ya ce an tashi daga gasar wasanni ta duniya, mu 'yan ƙasar nan da duk yawanmu mun dawo hannu rabbana, amma wani ɗan tsibiri da mutanensa ba su kai na Ƙaraye da Rogo ba ya ci zinare.

"Wai idan aka raba nasarar da yawan jama'a," in ji shi, "wannan tsibirin ya fi manyan ƙasashen duka."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na buga sandata a ƙasa.

"Alhamdu lillahi. Abin da na tsufa ina faɗa ke nan, yau Turawa sun gano. Kwarin Laure, gidajenmu ba su kai unguwa guda ta Ƙaraye ba, amma a kokawa ni da abokaina Uba da Muslim Dogo mun hana ƙasar nan barci. Ku raba mu gani."

Sulle yana gefe yana ɓare gyaɗa. Shi ne tsohon zakaran Ƙaraye, mun kama da shi tun muna samari, ba wanda ya kai wani ƙasa, ko da yake kowa ya san ni na ɗaga masa ƙafa.

"To ɗan ruwa," ya ce, "yanzu mutum nawa ne a garin naku? Ko da tarwaɗa za a ƙirga?"

Aka yi dariya. Na dubi Malam Bahauddeen ya raba mu. Ya sosa ƙeya, ya ce cikin ladabi, "Baba, gaskiya a lissafi ba a raba abu da babu. Garin da ba kowa a cikinsa ba ya shiga."

"Ni ba kowa ba ne?"

"Kai ai ɗan Ƙaraye ne," in ji Sulle. "Nan kake kwana, nan kake cin tuwo, nan masu ƙidaya suka same ka."

Na ɗauki sandata na bar musu majalisar. Amma kalmar nan ta babu ta bi ni har gida. Na tuna tun da ruwa ya ci mu, ban sake jin an kira sunan garinmu a filin kokawa ba. A kokawa kuwa mutum ba ya shiga shi kaɗai. Kafin a kama, sai makaɗi ya tambayi garinka ya faɗa wa duniya, in ka yi kaye garin ne ya yi. Garin da aka daina kira a fili, shi ne ya mutu da gaske.

Ina da jika, Nasiru, magidanci, ƙirjinsa kamar nawa a da, ko da yake bai kai ni wuya ba. An gama girbi, an sa kokawa a Fulatan, kuma yana cikin waɗanda Ƙaraye za ta kai. Na same shi yana ɗaure buhunan gyaɗa.

"In Gwadabe makaɗi ya tambaye ka, ka ce Kwarin Laure."

Bai ɗago ba. "Baba, ban taɓa ganin garin nan ba fa. A Ƙaraye aka yanke cibiyata. Su suka koya mini, su za su ɗauke ni a mota. In ce musu me?"

"Jinin wa ke jikinka?"

"Naka ne. Amma ka yi haƙuri."

Ranar kokawa na hau motar tare da su, Sulle ma ya biyo, wai ya zo kallon kukana. Fili ya cika, mata da tallan ƙosai da rake a gefe. Da aka zo kan Nasiru, Gwadabe ya sassauta ganga ya ce, "Ɗan ina?" Na kasa kunne.

"Ƙaraye."

Ya kama da wani ƙato daga Rogo, ya sa masa ƙugiya da ƙafar hagu, irin tawa sak, ya shimfiɗa shi. Mutanen Ƙaraye suka ɗauki ihu. Sulle ya zungure ni. "An ƙara mana ɗaya. Ƙugiyarka ce, amma tamu ce."

Na zauna ina kallon ƙurar. Ban ji haushin yaron ba, gaskiya ya faɗa. Sai na tuna Malam ya ce 'ya'yan ƙananan ƙasashe da yawa manyan ƙasashe suke yi wa wasa a gasar, saboda can aka raine su. Na ce a raina, ashe lissafin nasu bai san inda abu ya fito ba, inda ya faɗi kawai ya sani. Wa ya san kakan wani nawa ke zaune a wani tsibiri yana kallon ƙugiyarsa a hannun wasu?

Sai na miƙe. Na ba wani sandata, na tuɓe riga, na shiga fili. Al'ada ce, duk wanda ya shigo ya miƙa hannu, dole a tambaye shi, in kuma ba wanda ya fito masa, ya ci. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Gwadabe ya matso.

"Baba, lafiya?"

"Yi aikinka."

Ya dube ni, ya gyara ganga. "Ɗan ina?"

"Kwarin Laure."

Ya ɗaga murya ya faɗa, har ya maimaita. Can wajen masu ƙosai sai guɗa ta tashi. Na waiga, Talatu ce, ƙanwar Uba, na ɗauka ta daɗe da rasuwa. Wani dattijo ya miƙe daga ɓangaren Rogo, wani ya ɗaga hula. Ban ƙirga su ba.

"Ba za ka ci a banza ba," na ji an ce. Sulle ne, ya shigo yana ɗingishi. Muka kama, goshi da goshi, ya raɗa mini, "Riƙe ni da kyau, ɗan ruwa, gwiwar nan ba ta da amana." Na riƙe shi. Da na so, da tuni yana ƙasa. Muka yi ta jujjuyawa har alƙali ya raba mu, aka ce canjaras.

A mota Nasiru ya zauna kusa da ni, da muka hango ruwan dam sai ya juyo gare ni.

"Baba, ta ina filin naku yake?"

Na nuna masa daidai inda wani kwalekwale ke tsaye. Ya daɗe yana kallo.

Washegari na je majalisa da wuri, na ce wa Malam Bahauddeen ya sake lissafinsa. Ya ce sai na ba shi yawan mutanen. Na ce wannan ban sani ba, amma ya cire babu, ya sa ɗan kokawa ɗaya, bai faɗi ba. Sulle ya ce a sa biyu, don shi ya riƙe ni.