Hoto a Kan Gishirina

Tun safe nake tara gishiri tuli-tuli a filin gishiri na Uyuni don ruwansa ya tsane. Sai ga Hilario, ɗan ƙanwata, ya kwaso 'yan yawon buɗe ido a mota, kowa da ƙatuwar jaka a baya. Kafin in ɗago kai sun haye min tuli suna tsalle, shi yana ɗaukarsu hoto. Aikina duk ya ruguje cikin ruwa.

Na daka masa tsawa: "Hilario, makancewa ka yi?"

Ya ce, "Haba Inna, baƙi ne, ba su sani ba."

"Su ke nan. Kai fa, da ka girma da shebur a hannu?"

Na cusa masa shebur ɗin. "Maza ka sake tara shi. Su ɗauki hoton wannan ma."